Hidden Figures: ina gaskiya ta tsaya, ina 'yan fim suka zuba gishiri?

Kusan duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da guntun bidiyon nan. Wata baƙar mata ta shigo ofis a jiƙe sharkaf, ogan wajen, bature, yana mata faɗa wai ina take zuwa kullum ta ɓace minti 40, ita kuma abin ya kai ta wuya ta ce masa ai babu banɗakin baƙaƙe a ginin nan kaf, sai ta yi tafiyar kusan kilomita guda kafin ta samu inda za ta kama ruwa. Can gaba sai ga ogan da ƙarfe a hannu yana ɓaɓɓalle allon da aka rubuta banɗakin baƙaƙe. Fim ɗin sunansa Hidden Figures, ya fito ƙarshen 2016, Theodore Melfi ne darakta, kuma an gina shi ne a kan littafin Margot Lee Shetterly mai wannan sunan, labarin baƙaƙen mata masu lissafi da suka yi aiki a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka.

Muhawarar da ake yi a ƙarƙashin bidiyon kusan iri ɗaya ce kullum, wasu su ce tarihi ne tsantsa, wasu su ce ƙaryar Hollywood ce kawai. Maganar ta sake tashi a Satumban 2024 lokacin da majalisar Amurka ta miƙa lambar zinare ta girmamawa ga iyalan matan, sannan ta ƙara tashi a farkon 2025 da sabuwar gwamnati ta ba da umarnin rufe ofisoshin da ke kula da daidaiton jinsi da launin fata a ma'aikatun tarayya, har da NASA. Toh gaskiyar tana tsakiya, amma ba a daidai tsakiyar ba.

Wai su wa ake kira kwamfuta?

Nan ne mutane da yawa ke fara ruɗewa. Kafin na'urar da muka sani, kalmar kwamfuta sunan aiki ce, kamar a ce akawu ko malamin asibiti. Mutum ne ke zama da fensir da takarda da ƙaramin injin lissafi na kan tebur, injiniya ya kawo masa tulin lambobi daga gwajin da aka yi, shi kuma ya tace su ya fitar da amsa ya zana jadawali. A cibiyar binciken jiragen sama ta Langley da ke Hampton a jihar Virginia, tun 1935 aka fara ɗaukar mata wannan aikin, fararen fata zalla a lokacin. Dalilin bai ɓoyu ba: mata sun fi araha. Mace mai digirin lissafi sai a ɗauke ta a matakin ƙasa, namiji mai irin takardarta kuwa a kira shi ƙaramin injiniya a ba shi albashi mai tsoka.

Hukumar ma a lokacin ba NASA ba ce, NACA ake ce mata, an kafa ta 1915 don binciken jirgin sama. Sai Oktoban 1958 aka mayar da ita NASA. Wannan bambancin yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

Sai kalma ta biyu, Jim Crow. Sunan da ake kiran dokokin wariya na jihohin kudancin Amurka ke nan, waɗanda suka raba baƙi da fari a makaranta, mota, gidan abinci, famfon shan ruwa, har banɗaki. Doka ce a rubuce fa, ba wai halin mutane kawai ba, kuma Virginia tana cikin jihohin da suka fi riƙe ta da ƙarfi. Shi kansa sunan fim ɗin harshen damo ne a Turanci, kalmar ta biyu tana nufin alƙaluman lissafi, tana kuma nufin mutane, wato ɓoyayyun lambobi da ɓoyayyun mutane a baki ɗaya.

Yadda ƙofar ta buɗe

Ruwa ba ya tsami banza. Ba wani shugaba ne ya tashi da safe tausayi ya kama shi ba. A 1941 wani jagoran ƙungiyar ƙwadago baƙar fata, A. Philip Randolph, ya yi barazanar kwaso dubban baƙaƙe su yi tattaki zuwa Washington in har ba a daina hana su aiki a masana'antun yaƙi ba. Shugaba Roosevelt, da yake baya son abin kunya ana dab da shiga yaƙi, ya sa hannu a umarni mai lamba 8802 a watan Yunin shekarar, wanda ya haramta wariya wajen ɗaukar aiki a harkar tsaro. Ga kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza, ga buƙatar jiragen yaƙi ta ninka, Langley na neman masu lissafi ido rufe. Daga 1943 aka fara ɗaukar baƙaƙen mata.

Amma umarnin tarayya daban, dokar jiha daban. An ɗauke su ɗin, sai aka ware musu ofis a yammacin harabar, shi ya sa ake ce musu masu lissafin yamma, da banɗakinsu daban da teburin cin abincinsu daban. A kan teburin akwai wani ɗan kwali da ke nuna nan ne wajen baƙaƙe, wata daga cikinsu, Miriam Mann, ta riƙa ɗauke shi tana jefawa a jakarta, a sake kafa wani ta sake ɗaukewa, har aka gaji aka bari. Wannan labarin yana cikin littafin, fim ɗin bai nuna shi ba.

Abu na uku shi ne yaƙin cacar baka. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, hankalin Amurka ya tashi. Ba a cika mako guda ba sai ga wani gidan abinci a jihar Delaware ya ƙi sauraron ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, saboda launin fatarsa, har sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a shafe abin. A 1961 ma an yi wa jakadan Chadi irin haka a kan hanyar Maryland. Rasha kuwa tana ta yayata irin waɗannan labarai ga ƙasashen Afirka masu samun 'yanci, tana cewa ku dubi masu yi muku wa'azin dimokuraɗiyya. Don haka wariya ta zama abin da ke ci wa gwamnatin tarayya tuwo a ƙwarya a waje, ko da jihohin kudu sun kafe a gida.

Matan uku

Dorothy Vaughan, wadda Octavia Spencer ta fito a matsayinta, malamar lissafi ce a makarantar sakandaren baƙaƙe ta Moton a garin Farmville. Tana karɓar dala 850 a shekara, Langley ta ba ta 2,000, ta tattara ta tafi a 1943. A 1949 aka ba ta riƙon shugabancin sashen yamma, aka tabbatar mata a 1951. Da ta ga injinan kwamfuta na kamfanin IBM sun fara shigowa ta gane aikin hannu ya kusa ƙarewa, sai ta koyi FORTRAN, yaren da ake ba wa injin umarni da shi, ta kuma ja na ƙasa da ita suka koya. Ita makarantar da ta baro ɗin, ɗalibanta ne suka yi yajin karatu a 1951, ƙararsu tana cikin waɗanda aka haɗa Kotun Ƙoli ta soke wariyar makarantu a 1954. Maimakon su bi hukuncin, hukumomin yankin sai suka rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964. Wato a daidai shekarun da ake harba mutum sama, yaran garin da Dorothy ta koyar ba su da ajin shiga.

Mary Jackson, wadda Janelle Monáe ta taka, 'yar Hampton ce, ta shiga Langley a 1951. Ta yi aiki da wani injiniya Kazimierz Czarnecki a wani ƙaton bututu da ake hura iska mai gudun da ya wuce na sauti don gwada samfurin jirgi. Shi ya ba ta shawarar ta yi kwas ɗin zama injiniya, matsalar ita ce darasin na dare ana yin sa ne a makarantar fararen fata, sai da ta nemi izini na musamman daga hukumar birnin Hampton. Ta samu, a 1958 ta zama baƙar mace ta farko injiniya a NASA. A 1979, da ta ga ƙarin girma ya tsaya mata cak, ta yarda aka rage mata matsayi ta koma ofishin da ke kula da ci gaban mata ma'aikata.

Katherine Johnson, jarumar fim ɗin, Taraji P. Henson ce ta fito a madadinta. An haife ta 1918 a White Sulphur Springs, jihar West Virginia, inda karatun yaro baƙi ke ƙarewa a aji takwas don babu sakandare. Mahaifinta sai ya riƙa kai iyalin wani gari mai nisan kusan kilomita 200 duk lokacin karatu. Ta gama jami'a tana shekara 18 da digirin lissafi da Faransanci. Ta shiga Langley a 1953, mako biyu kacal ta yi a sashen yamma aka are ta zuwa sashen binciken tashin jirgi, aron da ba a mayar ba ke nan.

Wai wane lissafi ne haka?

Kumbon da ke zagaya duniya yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, wato kusan kilomita 8 duk daƙiƙa. Ita duniyar kuma ba a tsaye take ba, tana juyawa a ƙarƙashinsa. In ana so kumbon ya faɗo teku kusa da jiragen ruwan da ke jiransa, dole a san daidai lokacin da za a kunna ƙananan rokokin da ke rage masa gudu, a san ta wace kusurwa zai shigo iskar duniya. In ya shigo a tsaye da yawa zafi da matsi su hallaka mutumin ciki, in an makara da 'yan daƙiƙoƙi ya faɗa can nesa da masu ceto. Aikin su Katherine shi ne a fara daga inda ake so ya sauka a yi lissafi da baya da baya har zuwa wurin tashi. A 1960 ita da injiniya Ted Skopinski suka fitar da rahoto a kan wannan, kuma shi ne karon farko da aka sa sunan mace a matsayin marubuciyar rahoto a sashensu.

Rasha ta sake riga su, Yuri Gagarin ya zagaya duniya ranar 12 ga Afrilu 1961. Amurka ta harba Alan Shepard ranar 5 ga Mayu, tafiyar kusan minti 15, ya hau ya sauko bai zagaya ba, Katherine ta yi aiki a kan hanyar tafiyarsa. Babbar jarrabawar ita ce ta John Glenn, 20 ga Fabrairu 1962. A lokacin injin IBM ne ya fitar da lambobin, amma injinan zamanin suna yawan tsayawa, 'yan sama jannatin ba su gama yarda da su ba. Glenn ya ce a sa yarinyar nan, wato Katherine, ta duba, in ta ce sun yi to ya shirya. Wannan ya faru da gaske. Abin da fim ya canza shi ne lokaci, an nuna kamar Glenn na tsaye gindin roka ita kuma tana lissafi cikin 'yan mintoci, alhali kafin ranar tashin ne aka ba ta, kuma ta kwashe kwana ɗaya da rabi tana yi. Lambobinta suka yi daidai da na injin. Glenn ya zagaya duniya sau uku cikin ƙasa da awa biyar.

Akwai wani abu a nan da fim bai taɓo ba kuma ya shafe mu kai tsaye. Don a riƙa jin kumbon duk inda yake, NASA ta jera tashoshin bibiya a faɗin duniya, ɗaya daga ciki a Kano take, wata a Zanzibar. Mintoci kaɗan bayan tashinsa daga Florida, da la'asar agogon Najeriya, Glenn ya ratsa ta saman Afirka ta Yamma ya yi magana da tashar Kano, ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka ce masa ai an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Watan Fabrairu ne, duk ɗan arewa ya san ƙurar hunturu ce mutumin ya gani.

Inda aka zuba gishiri

Babban abin da 'yan fim suka yi shi ne matse lokaci. Sun kwaso abubuwan shekara kusan 20 sun cusa cikin 1961 da 1962. A fim Dorothy na ta fafutukar a ba ta shugabanci a 1961, alhali ta samu tun 1949. Mary na neman zama injiniya, alhali ta zama tun 1958. Shi kansa sashen yamma da allunan wariya an soke su a 1958 da NACA ta koma NASA, ke nan a shekarar da fim ya nuna ana fasa allo, babu allon da za a fasa.

Gudun banɗakin da fim ya ba Katherine kuma, a tarihi ba ita ba ce. Mary ce aka tura gabashin harabar ta tambayi fararen mata ina banɗaki suka yi mata dariya, cikin wannan fushin ne ma ta haɗu da Czarnecki ta zazzage masa, shi kuma ya ce ta dawo sashensa. Katherine kam banɗakin da ke kusa da ita take shiga abinta, da aka zo aka yi mata magana daga baya ta yi kunnen uwar shegu, aka ƙyale ta. Ogan mai ƙarfe, Al Harrison da Kevin Costner ya taka, babu shi a tarihi, an haɗa halayen shugabanni da dama ne aka yi mutum ɗaya. Haka ma wani injiniya mai hassada da farar shugabar mata da aka nuna a fim ɗin, duk ƙirƙira ce. Zaman kotu da alƙali da Mary ta yi an ƙawata shi ne, sannan Katherine ba ta shiga ɗakin sarrafa tafiyar ba ranar Glenn, ɗakin yana Florida, ita tana Virginia tana kallo a talabijin kamar kowa. Abin da ya tabbata shi ne nacin da ta yi sai an bar ta ta shiga tarukan da ba a barin mata, tana tambaya wai akwai dokar da ta hana ne, har aka gaji aka buɗe mata.

Masu suka da masu karewa

Masu suka sun ce matsalar ba yawan gishirin ba ce, inda aka zuba shi ne. A tarihi matan ne da kansu suka ƙi bin dokar, Miriam ta ɗauke kwali, Katherine ta shiga inda ta ga dama. A fim sai aka karɓe wannan jarumtar aka damƙa wa wani bature da bai taɓa rayuwa ba, don farar fata mai kallo ya samu wanda zai jingina da shi ya fita sinima da sanyin zuciya. Sun ƙara da cewa hakan na sa a ɗauka wariya halin wasu miyagun mutane ce da oga nagari zai gyara da guduma, a manta da Randolph da kotuna da matsin siyasar duniya.

Darakta Melfi ya kare kansa da cewa bai ga laifi a nuna farar fata ya yi abin da ya dace ba, muddin dai an yi daidai ɗin. Ita Shetterly, wadda mahaifinta masanin kimiyya ne a Langley kuma ta tashi cikin waɗannan matan a Hampton, ta nuna ta fahimci cewa fim na awa biyu ba zai ɗauki ɗaruruwan mutane ba. Masu wannan ra'ayin suna da hujja mai ƙarfi: kafin 2016 mutum nawa ne a wajen NASA ya san sunan Dorothy Vaughan? Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 25 ya tara sama da miliyan 230, ya shiga takarar Oscar a rukuni uku, da ya zama busasshen tarihi da wuya ya kai haka.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika ji ba. Katherine da bakinta ta ce ta san akwai wariya amma ba ta ji ta a wurin aiki ba, don kowa hankalinsa na kan bincike. Wasu na ɗaukar wannan su ce ashe ma an zuzuta abin. Sai dai labarin Mary ya nuna ba haka kowa ta ji ba, kuma su dukansu in sun tashi aiki garin wariya suke komawa. Haka kuma masana tarihin NASA na tunatar da cewa aikin na dubban mutane ne, ɗaruruwan mata fari da baƙi sun yi wannan lissafin, babu mutum ɗaya da ya kai Glenn sama shi kaɗai.

Abin da ya biyo baya

Karramawar ta zo, amma a makare. Dorothy ta rasu 2008, Mary 2005, ba su ga komai ba. Katherine ce ta ga nata, Obama ya rataya mata lambar 'yanci ta shugaban ƙasa a 2015, aka sa sunanta a wani ginin bincike a Langley a 2017, ta rasu Fabrairun 2020 tana da shekara 101. An sa wa titin gaban hedikwatar NASA sunan fim ɗin a 2019, ita hedikwatar kuma aka ba ta sunan Mary W. Jackson. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙirƙiro wani shiri a 2017 saboda fim ɗin, inda ta riƙa gayyato mata masu harkar kimiyya daga ƙasashe daban daban.

Ga mai kallo na yau da kullum tasirin ya fi fitowa a aji. Malamai a ƙasashe da yawa na nuna fim ɗin don 'yan mata su daina ganin lissafi kamar na maza ne, sai dai malamin da ya nuna shi a matsayin tarihi ba tare da gyara shekarun ba zai bar ɗalibai da labarin ogan da babu shi. Ma'aikata kuma sun fi ɗaukar ɓangaren Dorothy, musamman yanzu da ake fargabar sabbin manhajoji masu kwaikwayon tunanin mutum za su cinye ayyukan ofis, domin aikin nasu na lissafin hannu ya mutu murus cikin 'yan shekaru, waɗanda suka koyi ba wa injin umarni suka ci gaba da aiki, kuma a hankali da sabon aikin ya yi daraja da albashi sai maza suka cika shi.

Game da umarnin 2025, masu goyon baya na cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba, har suna kafa hujja da Katherine cewa ƙwaƙwalwarta ce ta kai ta ba wani ofishin daidaito ba. Masu adawa na cewa ƙwaƙwalwar tana nan tun 1937 da ta gama jami'a, amma aikin koyarwa kawai ta iya samu, sai da umarnin gwamnati ya buɗe ƙofar Langley tukuna, kuma irin ofishin da aka rufe ɗin shi ne wanda Mary Jackson ta bar kujerar injiniya ta koma ta riƙe har ta yi ritaya a 1985.